An Matse Aikina a Ƙunshi, Aka Bar Sunana a Waje

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin idan na kai Alhamis ɗin nan da abin da ke cikin zuciyata, zan aikata abin da gidanmu ba zai manta ba. Sau biyu ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa. Ta farko zagi ce zalla, ta biyu kuka. Wannan ta ukun ma ban ce ta yi hankali ba, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni mace ce mai shekara talatin da huɗu, ina da aure da 'ya'ya biyu, sana'ata kuma rubuta manhajar kwamfuta. Matsalata da yayana ce, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe hannuna ranar da aka fara kai ni makaranta, kuma shi ya saya mini kwamfutata ta farko, tsohuwa mai fasasshen murfi. Na faɗi wannan tun da wuri don kada ki ce na ɓoye alherinsa. Ban ɓoye ba, a gida ma ba a bari in manta.

Shekara huɗu da suka wuce ya zo mini da wata dabara. Yana da abokai masu shagunan magani, kuma kukansu ɗaya ne kullum: magani ya ƙare wa'adinsa a kan kanta ba su sani ba, sai mai saye ya duba kwali ya dawo yana faɗa. Ya ce me zai hana mu yi musu manhajar da za ta riƙa tuna musu tun kafin kwanan ya zo. "Mu" ya ce, Anti. Ki riƙe mini kalmar nan, za mu dawo kanta.

Dole in ɗan yi miki bayanin aikinmu, in ba haka ba ba za ki gane inda aka cuce ni ba. Mu masu rubuta manhaja ba ma ajiye aiki kara zube. Muna da wurin ajiya da ni da Yaya muke kira rumbu. Duk gyaran da mutum ya yi, ko harafi ɗaya ne, idan ya zuba shi a ciki, rumbun zai rubuta sunansa da rana da sa'a, da ɗan bayanin da ya bari, sannan ya ba gyaran wata doguwar lamba tasa ta kansa. Rumbun ba ya mantuwa kuma ba ya kara. Za ki iya komawa shekara uku baya ki ga wa ya taɓa wane layi, da ƙarfe nawa.

Amma ba rumbun ake miƙa wa masu shago ba. Idan aiki ya nuna, sai a ba na'ura umarni ta ɗebo fayilolin yadda suke a ranar, ta matse su wuri guda su zama ƙunshi ɗaya mara nauyi, wanda ake ce wa zif, shi ake ba su. Ƙunshin nan kaya ne kawai, tarihi ba ya binsa. Kamar a miƙa miki ɗinkakkiyar riga a leda ne, ba za ki san wa ya yanka ba, balle wa ya soke yatsa da allura. Saboda haka ne masu hankali suke saka wani ɗan fayil a cikin aikin, mai ɗauke da sunayen waɗanda suka yi shi, don ya bi ƙunshin duk inda ya je. Mu ma muna da shi. Sunana ne a sama, na Yaya a ƙasa.

Ga yadda muka raba aiki. Ni nake rubutawa, a kan teburin cin abincinmu mai ƙafa ɗaya gajera da muke tokarewa da kwali, wani lokaci da goyo a bayana, wani lokaci ina juya tukunya da hannu ɗaya. Yaya shi ne mai yawo da mai magana, don bakinsa ba ya gajiya, zai iya sayar wa mutum da hular da ke kansa. Kusan aikinsa ɗaya tilo a kan na'ura shi ne matse ƙunshin idan na ce an gama. Shi ɗin ma ni na rubuta masa umarnin a guntuwar takarda, na manna masa da salatif a gefen allonsa, yana kallo yana dannawa da yatsu biyu. Takardar tana nan har yau, ta yi ja don tsufa. Sai ya bugo waya ya ce in an gama a faɗa masa ya matse. Ban taɓa kawowa a raina cewa har da ni ake matsewa ba.

Mun fara da shago uku. Yanzu shaguna arba'in ke amfani da manhajar, har masu shagunan suka haɗa ƙungiya. Shekara biyu ke nan da na ajiye aikin ofis saboda ita, don ba zan iya haɗa biyu ba. Duk lokacin da wani abu ya tsaya a wani shago, Yaya ake kira, shi kuma ya ce musu bari ya duba, sai ya juya ya kira ni. In gyara, ya matse, ya kai, a yi masa godiya. Na san haka ake yi, ban damu ba, domin a zatona kowa ya san da ni.

Mako uku da suka wuce ƙungiyar ta kira taro a wani ɗakin taro mai kujerun roba da fanka mai ƙara. Na bi Yaya don in haɗa masa kwamfuta da babban allo, tunda shi bai san wace waya ke shiga wane rami ba. Na haɗa, na koma wata kujera can a bayansa da jakarsa a cinyata. Ya yi bayani ya burge, abin da na koya masa a mota ne yake maimaitawa kalma da kalma, har da barkwancina. Da ya gama, shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya tambaye shi ko shi kaɗai ya rubuta wannan abu duka. Yaya ya yi murmushi ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u ya ce, "E to, da ɗan taimakon 'yan gida."

Ɗan taimakon 'yan gida, Anti. Shekara huɗu. A nan "mu" ɗin nan ta ƙare. Ina zaune ina kallon ƙeyarsa, jakarsa a cinyata, aka tafa masa. Wata mata da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce in miƙo mata ruwa, da alama ta ɗauka cikin masu hidima nake. Na miƙa mata kuwa. Na rantse miki ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan minti ba, har wani ɗaci na ji a harshena.

A wurin suka yanke shawarar ɗaukar mutum ɗaya a hukumance ya zama mai kula da manhajar, da takarda da komai, kuma sunan Yaya suka rubuta. Ranar Alhamis mai zuwa za a sa hannu. Duk da haka na lallashi kaina, na ce ai fayil ɗin sunaye yana cikin ƙunshin, duk ranar da wani ya buɗe zai ga gaskiya. Ƙungiyar tana da wata ma'aikaciya mai duba musu kwamfutoci, mun ɗan saba. Bayan an tashi na roƙe ta ta buɗe mini ƙunshin da ke hannunsu. Ta buɗe, muka bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Komai yana nan, ban da fayil ɗin sunaye. Ta buɗe na bara, babu. Ta buɗe na farkon farko, babu. Shekara huɗu ana raba aikina a shaguna arba'in, kuma ko harafin farko na sunana bai taɓa fita daga gidana ba.

A mota na tare shi da maganar. Ya ce shi bai san wani fayil ba, abin da ke jikin takarda yake dannawa. Na ce to maganar 'yan gida fa, ita ma a jikin takardar take? Sai ya fara yi mini romon baka, wai mutanen nan da shi suka saba, wai idan aka kawo sabon suna yanzu za su rikice, wai ai duk abu ɗaya ne, nasa nawa ne, in ci gaba da aikina daga gida yadda muka saba, ba zai taɓa mantawa da ni ba. Da na ƙi yin shiru sai ya kunna rediyo. Tun daga ranar idan na kira shi a kan maganar sai ya yi mini kunnen uwar shegu, amma shekaranjiya da wani shago ya samu matsala, sau shida ya kira ni kafin azahar.

Na kai ƙara wurin Mama. Ta saurare ni tana ninke kayan wanki, ba ta ko ɗago kai ba. Da na gama ta ce sunan yayana ai sunan gidanmu ne, in ya ɗaukaka mu muka ɗaukaka, kuma me mace mai aure da 'ya'ya za ta yi da suna a takarda. Ta ƙara da cewa kada in kuskura in kunyata shi a gaban mutane, in dai ita ta haife ni. Na fito ina tunanin ko da ni ce namijin shi ne macen, da haka za ta ce. Maigidana kuwa ya ce shi ba ya shiga tsakanin wa da ƙanwa, amma duk abin da na yanke yana bayana. Na gode masa, sai dai tsayawa a bayan mutum ba ta da wuya, ni ma shekara huɗu na yi a bayan wani.

To ga abin da Yaya bai sani ba. Duk da cewa ƙunshin ba ya ɗaukar tarihi, na'urar da ke matsewa tana barin wata shaida ɗaya. A gindin kowane ƙunshi tana manna lambar gyara na ƙarshe da aka zuba a rumbu kafin a matse. Mutum ba zai lura da ita ba sai ya san inda zai duba. Idan aka ɗauki lambar nan aka nema a rumbun, sunan wanda ya yi gyaran zai fito. Na gwada da duk ƙunshin da ya taɓa kai musu, guda ashirin da bakwai. Ashirin da bakwai ɗin nan sunana suka nuna. A cikin gyare-gyare kusan dubu biyu da ke rumbun, goma sha ɗaya ne nasa, kuma bakwai daga ciki lambar wayarsa ya canza.

Sai na zauna na haɗa wani ƙunshi na daban, wanda ya kwashe rumbun gaba ɗaya da tarihinsa, na zuba a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi fayiloli. Yana cikin jakata yanzu haka, a ƙaramin aljihun da nake saka makulli. Niyyata in miƙa wa ma'aikaciyar nan ranar Alhamis da safe, ta buɗe a babban allo a gaban dattijon mai tabarau, kowa ya ga ɗan taimakon 'yan gida da idonsa. Na sha kwatanta fuskar Yaya a raina a wannan lokaci, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin daɗin kwatancen.

Saura abin da ba na son faɗa, amma tunda ba ki san ni ba, bari in faɗa. Da nake haɗa ƙunshin, na ce bari in gano ranar da Yaya ya cire fayil ɗin sunaye, in riƙe a matsayin babbar hujja. A rumbun akwai wani ɗan jeri da ake rubuta fayilolin da ba a so su bi ƙunshi idan an matse, irin su gwaje-gwaje da tarkacen aiki. Na buɗe jerin, ga sunan fayil ɗin nan a layi na huɗu. Na tambayi rumbun wa ya saka layin. Ya ba ni suna da rana da sa'a. Sunana ne, Anti. Wata Talata, shekara huɗu baya, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe. Har da bayanin da na bari da hannuna, cewa a ɓoye sunaye tukuna sai an ga yadda ta kaya.

Sai na tuna. A lokacin ina aiki a wani ofis da dokarsa ta hana ma'aikaci yin aikin waje, na ji tsoron kada sunana ya fita ya koma kunnen maigidan wurin. Na ce na ɗan lokaci ne. Na bar aikin, na manta da layin. Kafin ranar taron nan kuma ban taɓa buɗe ƙunshi ko ɗaya na duba ba, don na ɗauki matsewa aikin da bai kai in waiwaye shi ba.

Ba shi ke nan ba. Tarihin da nake so in haska a allo yana nuna gyare-gyare da yawa da na yi da hantsi a ranakun aiki, wato a kan kujerar wancan ofis, a lokacinsu. In maganar ta fita, tsohon maigidan aikina zai iya tasowa ya ce yana da haƙƙi a ciki. Sannan bayanan da nake bari a jikin gyara, tunda na san ni kaɗai ke karantawa, na mayar da su wurin huce haushi. Akwai inda na rubuta cewa na gyara shirmen da Yaya ya yi alkawari bai tambaye ni ba. Akwai inda na kira shugaban ƙungiyar da sunan da ba zan maimaita a jarida ba, saboda ya sa an canza launin maɓalli sau biyar.

Amma duk da haka, Anti, ni na saka layin, na yarda. Ni na ce masa ya ce 'yan gida? Ni na rufe masa baki da aka rubuta sunansa shi kaɗai? Bai taɓa buɗe ƙunshin ya ga babu sunana ba, ko ya gani ya yi shiru don abin ya yi masa daɗi? Ba na iya cin abinci sosai, 'ya'yana sun fara tambaya me ya sa ba na zuwa gidan kawunsu. Idan na miƙa filas ɗin, na tona masa asiri, na saɓa wa Mama, wataƙila na jawo wa kaina fitina. Idan ban miƙa ba, ranar Alhamis zai sa hannu a kan shekaruna huɗu, ni kuma in koma teburina mai tokari ina jiran wayarsa. Ki faɗa mini wanne zan ɗauka.

Taki,
Wadda aka matse

*

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma tunda ni iyakar sanina da kwamfuta in kunna in kashe, na kai wa mai kula da na'urorinmu a nan ofis bayaninki, ba tare da labarin gidanku ba. Ya tabbatar mini duk abin da kika faɗa game da rumbu da ƙunshi da lambar da ke gindinsa haka yake. Saboda haka ban yi shakkar cewa ke kika yi aikin ba, kuma ɓacin ranki yana kan hanya. Wanda ya yi shekara huɗu yana aiki, aka kira shi ɗan taimako a gaban idonsa, dole ya ji ciwo. Kada ki bari kowa ya ce miki ba komai ba ne, ko da Mama ce.

Amma bari mu raba laifin gida biyu, don kin haɗa su wuri ɗaya kin matse. Rashin sunanki a ƙunshi ba yayanki ya jawo ba. Na'ura ta bar abin da aka ce ta bari, kuma ke kika ce. Mutumin da ke danna umarni da yatsu biyu daga guntuwar takarda, da wuya a ce ya san da wani jeri a layi na huɗu. Wannan ki sauke masa. Wanda ba zan sauke masa ba shi ne amsar da ya ba shugaban ƙungiya, da shirun da ya yi aka rubuta sunansa shi kaɗai, da kunna rediyon nan. Waɗannan da saninsa ya yi su, kina zaune a bayansa da jakarsa. Ya yi miki ba daidai ba, kuma ya san ya yi, shi ya sa ba ya son a ɗago maganar.

Akwai kuma abin da rumbunki bai rubuta ba. Kin ce ba ya mantuwa, amma abin da aka zuba masa kawai ya sani. Bai san wanda ya fara jin kukan masu shago ba, bai san takalma nawa aka kashe daga shago uku zuwa arba'in ba, bai san wanda ya tsaya aka yi masa faɗa a gaban kanta ranar da manhajar ta tsaya ba. Idan kika auna yayanki da gyara goma sha ɗaya, kin yi masa irin abin da ya yi miki, kin mayar da shi ɗan taimako. Ina zargin tsoro ne ya fi yawa a lamarinsa. Ya shekara huɗu yana cewa bari ya duba alhali bai iya dubawa ba, kuma kullum gyaran maganar ƙara wuya yake yi masa. Wannan ba uzuri ba ne, amma sanin hakan zai taimake ki wajen yi masa magana.

Filas ɗin nan ki fitar da shi daga jaka ki saka a durowa. Ba don Mama ta hana kaɗai ba, sai don shaidan da kike son kira ba ya ɗaukar ɓangare. Zai faɗi aikinki, zai faɗi Talatar nan, zai faɗi hantsin da kika yi a kujerar wani ofis, zai kuma karanta wa dattijon mai tabarau sunan da kika raɗa masa. Za ki shiga ɗakin a matsayin mai gaskiya ki fito kowa yana maganar bakinki, ba aikinki ba. Maganar tsohon ofis kuwa, ki nemi lauya ki nuna masa takardar da kika sa wa hannu a can, ki san matsayinki tun kafin wani ya sanar da ke.

Ga abin da nake ganin ya fi. Yau ɗin nan ki buɗe jerin ki goge layi na huɗu. Ki gyara fayil ɗin sunaye ya faɗi gaskiya duka: wance ta rubuta manhajar kuma ita ke gyara ta, wane ya kawo dabarar kuma shi ke hulɗa da shaguna. Sannan ki je wurin yayanki, ba a mota ba, ba ta waya ba, a zaune ido da ido. Ki fara da naki kuskuren, ki nuna masa layin da sunanki a kai, domin wanda ya fara faɗin laifinsa ya fi samun kunnen saurare. Daga nan ki ce masa ya matse sabon ƙunshi da hannunsa, ya buɗe ya karanta sunayen, kuma kina so kafin Alhamis shi da bakinsa ya gaya wa shugaban ƙungiya wa ke rubutu, a gyara takardar ta ɗauki ku biyu, kowa da aikinsa. Wannan hanya ta ba shi damar gyara maganarsa ba tare da an kunyata shi ba, kin ga kin cika umarnin Mama ke nan, ba ki kuma binne kanki ba.

Idan ya ƙi, ki gaya masa a fili, tun kafin ranar, cewa ba za ki ci gaba da aiki daga bayan labule ba, kuma za ki rubuta wa ƙungiyar gajeriyar takarda mai ladabi ki ce ke ce mai rubuta manhajar, duk mai son tabbaci ya duba lambar gindin ƙunshi. Ki nuna musu sunan da lambar ta fitar a rumbu kaɗai, ya isa, ba sai kin zazzage rumbun duka ba. Kada ki yi wannan a ɓoye, kuma kada ki ɗauke shi ramuwa. Magani ake magana, wanda mutane ke sha. Shaguna arba'in suna da haƙƙin sanin wa zai gyara abin idan ya tsaya, kuma wanda ya sa hannu a kan aikin da bai iya ba ya ɗora wa kansa kayan da zai danne shi wata rana. Ki faɗa wa Mama haka cikin taushi, cewa ɗanta kike tsarewa. Maigidanki kuma, tunda ya ce yana bayanki, ki ce ya matso gefenki ya raka ki.

Ba zan yi miki alkawarin yayanki zai karɓa da fara'a ba. Mai yiwuwa ya yi fushi, mai yiwuwa a yi 'yan watanni ana gaisuwa sama-sama. Hakan ya fi sauƙi a kan ki ci gaba da ɗaga wayarsa kina haɗiye ɗaci, har ranar da 'ya'yanki za su daina tambayar gidan kawunsu.

Abu na ƙarshe, ƙanwata. Kin rubuta da hannunki cewa a ɓoye sunaye tukuna sai an ga yadda ta kaya. To an gani, ta kaya da kyau, shaguna arba'in shaida ne. Shekara huɗu kina jiran wani ya fito da sunanki, alhali ke kika kulle shi kuma makullin yana hannunki. Ki buɗe masa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya sa albarka a aikin hannunki.

Antinki